Tantance Tasirin Manyan Ayyuka ga Muhalli a Nijeriya: Ina Matsayin Gwamnati, Kamfani da Mutanen Gari?

A 'yan shekarun nan da wuya a ƙaddamar da wani babban aiki a Nijeriya ba a ji an ambaci rahoton tantance tasirin aiki ga muhalli ba, wanda jami'ai da 'yan jarida suka fi kira da EIA a taƙaice. An ambace shi a aikin bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar a watan Yunin 2020, an ambace shi a aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, sannan ya zama abin ce-ce-ku-ce a 2024 lokacin da masu suka suka ce an fara titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba kafin a kammala tantancewa, gwamnati kuma ta musanta cewa ta keta doka. A garuruwan da ayyukan ke ratsawa, mutane da yawa sun ɗauka cewa tantancewar ita ce ƙidayar gonaki da gidaje don biyan diyya, wasu kuma suna ganin takarda ce kawai da kamfani ke karɓowa daga Abuja. Doka ta tsara ta ne a matsayin aikin ɓangarori uku, wato gwamnati da mai aiki da jama'ar da aikin zai shafa, sai dai ƙarfin ɓangarorin bai zo ɗaya ba, kuma daga nan ne yawancin saɓanin ke tasowa.

Abin da ake nufi da tantancewar

Tantance tasirin aiki ga muhalli bincike ne da ake yi kafin a fara aiki, domin a gano tun da wuri abin da aikin zai yi wa ƙasa da ruwa da iska da tsirrai da dabbobi da kuma rayuwar mutane, a kwatanta hanyoyi daban-daban na gudanar da shi, sannan a tsara yadda za a kauce wa ɓarna ko a rage ta. Kalmar muhalli a nan ta haɗa da rijiyar unguwa da burtalin shanu da mashaya da fadamar da ake noman rani da maƙabarta da hanyar da yara ke bi zuwa makaranta. Daga cikin hanyoyin da ake sa ran rahoto ya auna har da sauya wa aikin wuri ko hanya, da kuma barinsa baki ɗaya.

Diyya wani abu ne daban. Ita tana ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma abin da ake biya idan an karɓe fili saboda amfanin jama'a shi ne gine-gine da shuke-shuke da sauran abin da mutum ya kafa a kai. Tantancewa tana zuwa ne kafin diyya, domin ita ce ya kamata ta nuna ko akwai hanyar da za a bi ba tare da an tashi mutane da yawa ba. Wanda ya jira sai ranar da masu ƙidaya suka zo da fenti suna yi wa gidaje lamba, ya riga ya rasa matakin da maganarsa za ta iya sauya hanyar aikin.

Yadda dokar ta samo asali

Amurka ce ta fara wajabta irin wannan bincike da dokar da ta fara aiki a farkon 1970. A wancan lokaci Nijeriya na cikin gina manyan madatsun ruwa da kuɗin man fetur, kuma babu wata doka da ta tilasta a tambayi mutanen da ke zaune a bakin koguna. An kammala madatsar Tiga a 1974, aka kammala ta Bakolori da ke kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978. Aikin Bakolori ya tashi dubban mutane daga garuruwansu, ya hana manoma taɓa gonakinsu tsawon lokacin da ake daidaita filayen ban-ruwa, biyan diyya kuma ya yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aikin, a watan Afrilun 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka yi asarar rayuka da gwamnati ta ce sun kai ashirin da wani abu, wasu masu bincike kuma suka ce ɗaruruwa ne. Waɗanda ke ƙasan madatsar ma ba su tsira ba, domin ambaliyar da ke jiƙa fadamunsu kowace shekara ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya.

Abin da ya tilasta gwamnati yin doka ya zo ne daga kudu. A 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka shigo da su daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta. A shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. Bayan taron duniya kan muhalli da aka yi a birnin Rio na ƙasar Brazil a 1992, wanda ya jaddada tantance ayyuka da kuma shigar da jama'a cikin shawarar da ta shafi muhallinsu, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar da dokar soja mai lamba 86 a ƙarshen wannan shekara. Ita ce har yau ake aiki da ita. A 1999 aka mayar da ayyukan FEPA cikin sabuwar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin ƙa'idojin muhalli.

Dokar ta jera ayyukan da dole a yi musu cikakken bincike. A ciki akwai gonar da ta kai hekta 500, da shirin noman da zai tashi iyalai 100 ko fiye, da madatsar da faɗin ruwanta ya kai hekta 200, da bututun mai ko gas da ya wuce kilomita 50, da manyan hanyoyi da layin dogo da matatun mai. Ta kuma hau kan gwamnati kamar yadda ta hau kan kamfani mai zaman kansa.

Matakan aikin da rabon kowa

Mai aiki ne ke fara kai bayanin aikinsa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Jami'an ma'aikatar su ziyarci wurin, su yanke hukuncin ko aikin na buƙatar cikakken bincike ko taƙaitacce. Daga nan sai a zauna a fayyace abubuwan da binciken zai duba, kuma wannan zama ne ya fi kowane muhimmanci ga mutanen gari, domin abin da ba a sa cikin jerin ba da wuya ya bayyana a rahoto. Mai aiki ya ɗauki kamfanin ƙwararru da ma'aikatar ta amince da shi, su ɗebi samfurin ƙasa da ruwa da iska, a manyan ayyuka ana so a yi haka a damina da kuma rani, su tattauna da jama'a, su rubuta daftarin rahoto.

Ana baje daftarin na tsawon ranakun aiki 21 a ofisoshin ma'aikatar da ma'aikatar muhalli ta jiha da sakatariyar ƙaramar hukumar da abin ya shafa, tare da sanarwa a jarida da rediyo, domin duk mai ƙorafi ya rubuta. A manyan ayyuka kwamitin masana yana zaman bita a bainar jama'a. Idan an gamsu, ministan muhalli ya ba da amincewa tare da sharuɗɗa, kuma ana sa ran a ci gaba da sa ido har ƙarshen aikin.

Inda haɗin gwiwar ke samun tangarɗa

Matsala ta farko ita ce lokaci. Sau da yawa kafin a kira taron jin ra'ayi an riga an zana hanya, an ba da kwangila, an karɓo bashi, wani lokaci ma an yi bikin aza harsashi. A irin wannan hali abin da ya rage a tattauna shi ne nawa za a biya da wa za a ɗauka aikin gadi ko lebura, ƙorafin da ya shafi ainihin wurin aikin kuwa ya zama ihu bayan hari. Abin ya fi tsanani idan aikin na gwamnati ne, domin ma'aikatar muhalli tana tantance aikin wata ma'aikata ce da suke zama a majalisar zartarwa ɗaya, kuma shugaban ƙasa ya riga ya sanar da ranar buɗewa.

Ta biyu ita ce wanda ke biyan kuɗi. Mai aiki ne ke biyan ƙwararrun da suka rubuta rahoto, shi ne kuma ke ɗaukar nauyin ziyarar jami'ai da zaman kwamitin bita. Akwai hujja a kan haka, tunda bai dace a ɗora wa baitulmali kuɗin binciken aikin da wani zai ci ribarsa ba, kuma haka tsarin yake a yawancin ƙasashe. Amma ƙwararren da ya rubuta cewa wurin bai dace ba ya san da wuya a sake kiransa. Wannan ne ya sa masu nazarin fannin ke yawan kokawa da rahotannin da aka kwafo daga na wani aiki, inda ake samun bayanin tsirrai ko kifayen da ba a san su a yankin ba.

Ta uku ita ce harshe da wuri. Daftarin rahoto kan kai shafuka ɗaruruwa, da Turancin masana, cike da jadawalin sinadarai. Ana ajiye kwafi ɗaya a wani ofishi na sakatariyar ƙaramar hukuma tare da littafin rubuta ra'ayi, kuma manomin da ke ƙauye mai nisan kilomita talatin, wanda sanarwar ta fito a jaridar da ba ta zuwa garinsu, ba shi da hanyar sanin cewa kwanakin sun fara ƙirguwa. Idan wa'adin ya cika littafin yana nan babu rubutu, a takarda sai ya zama babu wanda ya yi ƙorafi. Dokar 1992 ba ta wajabta fassara rahoton zuwa Hausa ko Fulfulde ko Kanuri ko wani harshen gida ba.

Sai kuma tambayar da ta fi wuya, wato wane ne ke magana da yawun jama'a. An saba a fara da fadar hakimi ko dagaci, kuma wannan ya dace da al'ada, domin baƙon da ya tsallake masu gari ba zai samu haɗin kai ba. Sai dai zaman da aka yi a ƙofar fada yakan tara masu gonaki na gado ne da dattawa. Wanda ke noma gonar aro ko haya ko jingina ba shi da suna a jerin, alhali shi ne zai rasa abincin shekara. Matan da ke tsintar kaɗanya da ɗorawa a dajin, ko masu ɗebo ruwa a rafin da za a toshe, ba kasafai suke magana a gaban taron maza ba, sai an yi musu zama na daban. Makiyayin da ke bi ta burtalin sau biyu a shekara yana iya kasancewa a wata jiha ranar taron. Idan bututu ko shingen layin dogo ya datse burtali ba a bar mashiga ba, shanu za su bi ta gonaki, rikicin da zai biyo baya kuma ba za a rubuta shi da sunan aikin ba.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Jami'an gwamnati suna cewa ƙasar na fama da ƙarancin wuta da hanyoyi da ayyukan yi, kuma ba za a bar aikin da miliyoyin mutane ke jira ya tsaya saboda tsarin da kan ɗauki shekara ko fiye ba. Suna kuma nuni da ƙarancin ma'aikata da motoci da ɗakunan gwaji. Tsakanin matakan gwamnatin ma akwai ja-in-ja: ma'adinai da man fetur na hannun tarayya a tsarin mulki, ƙasa na hannun gwamna, jihohi da dama kuma suna da hukumomin muhalli da ke neman a yi tantancewa a wurinsu.

Kamfanoni suna kokawa da wannan maimaici, inda ake biyan kuɗi a tarayya a sake biya a jiha, a harkar mai kuma ga hukumomin da ke kula da fannin da nasu ƙa'idojin. Suna cewa taron jin ra'ayi yakan rikiɗe ya zama wurin gabatar da buƙatun da hakkin gwamnati ne, kamar asibiti da makaranta da taransifoma, kuma wani lokaci bayan an daidaita da shugabanni sai wata ƙungiyar matasa ta fito ta ce ba da ita aka yi ba. Wannan ƙorafi yana da tushe, ko da yake sau da yawa alama ce ta cewa zaman farko bai game kowa ba.

Jama'a da ƙungiyoyin farar hula kuwa suna cewa ana kiransu ne a sanar da su abin da aka riga aka yanke, ana ɗaukar hotonsu da takardar sa hannun mahalarta a liƙa a bayan rahoto a matsayin shaidar amincewa. Suna kafa hujja da yankin Ogoni mai arzikin man fetur a jihar Ribas, inda rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya nuna gurɓatar da gyaranta zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Suna kuma cewa hukuncin da dokar ta tanada ya tsufa, domin tarar mutum ɗaya naira 100,000 ce ko ɗaurin shekara biyar, tarar kamfani kuma tana farawa daga naira 50,000, kuɗin da ba zai hana mai kwangilar biliyoyi barci ba. An sha gabatar da ƙudurorin sabunta dokar a Majalisar Tarayya saboda irin waɗannan dalilai.

Akwai ɓangare na huɗu da dokar ba ta ambata ba amma yake da tasiri sosai, wato masu ba da bashi. Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka da manyan bankunan kasuwanci na ƙetare suna da ƙa'idojin da suka fi dokar Nijeriya tsauri: tuntuɓar jama'a tun daga farko, rubutaccen shirin sake tsugunarwa, biyan diyya daidai da kuɗin maye gurbin abin da aka rasa, kulawa da waɗanda ba su da takardar mallaka, da kafa hanyar kai ƙorafi. Saboda haka ƙauyuka biyu da ke maƙwabtaka na iya samun mu'amala daban, gwargwadon inda kuɗin aikin kowannensu ya fito.

Darasin Haɗejiya da Nguru

Tantancewa tana duba aiki ɗaya ne a wuri ɗaya, ruwa kuwa bai san iyakar jiha ba. Madatsar Tiga da ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, sun samar wa Kano ruwan sha da noman rani a Kadawa da Kura, amma sun sauya yanayin kogin Haɗejiya har zuwa Yobe. A da ruwa kan cika a damina ya malala cikin fadamu sannan ya janye da rani. Da aka koma sakin ruwa duk shekara, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwa suka riƙa fama da ambaliya, wasu kuma ruwan ya daina isa gare su, tsuntsayen jan-baki suka samu mafaka suna cinye amfanin gona. Manoman shinkafa da masunta da makiyayan Jigawa da Yobe ba sa cikin lissafin waɗanda suka tsara madatsun.

A wannan kwari ne kuma aka ga wani yunƙuri na gyara. A 2006 jihohi shida, wato Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, tare da gwamnatin tarayya, suka amince da tsarin kula da ruwan kwarin suka kafa asusun amana, bayan tarurrukan da suka haɗa manoma da masunta da makiyaya da sarakuna. Al'ummomi da kansu sun riƙa fita aikin gayya suna yashe hanyoyin ruwa. Matsalar kacala ba ta ƙare ba, amma muhawarar da aka daɗe ana yi kan madatsar Kafin Zaki a jihar Bauchi ta nuna cewa mutanen ƙasan kogi sun samu murya, domin Yobe da Borno sun yi ta nuna fargaba kan abin da zai samu kogin Jama'are. 

Yarjejeniya, kotu da abin da ya rage a waje

Wasu dokoki na baya sun yi ƙoƙarin mayar da alkawari ya zama wajibi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce kamfani ba zai fara haƙa ba sai ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar ci gaba da al'ummar wurin, wadda ake sake dubawa duk shekara biyar. Dokar man fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfanonin haƙo mai su zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsu na shekarar da ta gabata a asusun al'ummomin da suke aiki a cikinsu. A ɓangaren shari'a, an daɗe ana korar ƙararrakin muhalli da hujjar cewa mai ƙara bai nuna cutar da ta same shi shi kaɗai ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a 2018 cewa ƙungiya mai zaman kanta na iya shigar da ƙara kan gurɓatar da ta shafi jama'a.

Duk waɗannan sun shafi ayyukan da ke da rajista ne. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010 ta fito ne daga duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje, aikin da babu kamfani ko rahoto a bayansa. Yanzu da haƙar ma'adinai ke bazuwa a Nasarawa da Kaduna da Neja, wani babban kaso na haɗarin yana wajen tsarin tantancewa gaba ɗaya, kuma a nan masu unguwanni da ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin masu haƙa ne ke iya ganin matsala kafin kowa.

Abin da ya shafi mutumin gari

Ga wanda aiki zai ratsa garinsu, abin da ke amfani shi ne sanin matakin da ake ciki. Ganin masu awo suna kafa turaku ko masu ɗibar samfurin ruwa alama ce ta cewa bincike ya fara, kuma lokacin ne ya dace a nemi sanin sunan mai aiki da lambar rajistarsa a ma'aikatar muhalli. Ƙorafin da aka rubuta aka miƙa cikin ranakun 21, aka kuma riƙe kwafi mai hatimin karɓa, ya fi nauyi a gaban kwamiti ko kotu a kan jawabin da aka yi a taro. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman kwafin rahoto da sharuɗɗan amincewa daga ma'aikata, kuma ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa.

Sashen rahoton da ya fi dacewa a nemi wani ya karanta ya fassara shi ne shirin kula da muhalli, inda ake rubuta abin da mai aiki ya ɗauki nauyi: yayyafa ruwa don kwantar da ƙura, cike ramukan da aka ɗebi ƙasa kafin su zama kududdufan da yara ke faɗawa, gina kwalbati da mashigar dabbobi, da gwada ruwan rijiyoyi lokaci-lokaci. Alkawarin da aka yi da baki a ƙofar fada, idan bai shiga wannan shiri ko yarjejeniyar da aka sa wa hannu ba, babu jami'in da zai iya tilasta cika shi bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa. Haka kuma a ayyukan da ke bin ƙa'idar masu ba da bashi akan sanya ranar rufe ƙidaya, kuma duk ginin da aka yi ko bishiyar da aka dasa bayan wannan rana ba a biyan diyyarsu, don haka mai gonar aro da mai rumfa a bakin hanya suna buƙatar tabbatar da cewa an rubuta sunayensu kafin ranar ta wuce.